Yaya Sule da Shugaban Amurka Mai Yawan Wasiƙa

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na je biki a tambaye ni, in na je awon hawan jini a tambaye ni, har matar da ke kawo mini ƙwai ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Malama Binta, wai da gaske can ma akwai talakawa?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin rabi yake tafiya da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayana Sule na je dubawa, wanda ya tsufa a Manchester yana aikin akanta a ƙaramar hukumar da su can suke kira council. Matarsa Hajara ta daɗe da rasuwa, daga shi sai 'yarsa Nafisa. Ita ce ta bugo mini waya ta ce Baba ya fara wankin ƙoda, likita ya hana shi doguwar tafiya, zuwa gida kam ya ƙare. Sannan ta ƙara da abin da ya sa na tashi neman biza: Yaya Bulus yana tattara kaya zai dawo Nijeriya gaba ɗaya, alhali shekaru ke nan shi da Baba ko sallama ba ta haɗa su.

Yaya Bulus ɗan Wusasa ne, abokin Yaya Sule tun firamare. A gidanmu na Tudun Wadar Zariya yake cin tuwon sallah, Yaya Sule kuma a gidansu yake cin shinkafar Kirsimeti. Tare suka tafi Ingila, Bulus ya zauna a Birmingham yana aikin jinya. Lissafin ba shi da wuya. In ɗaya ya hau jirgi, ɗaya kuma ba ya iya hawa, to sun rabu ke nan sai a lahira.

Daga Abuja na tashi. Muka sauya jirgi a wata ƙasar Turai da ban ga komai nata ba sai layin banɗaki. A Manchester wata ma'aikaciya ta riƙe fasfona tana tambayata yaushe zan koma, ko sannu da zuwa babu. A raina na ce, baiwar Allah, ki bari in zauna tukuna. Wajen kwastan kuma wani kare ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Aka zazzage ta. Kilishin da na sa aka yi wa Yaya Sule musamman suka ɗauke, wai nama ba ya shiga. Wani saurayi ya sa safar hannu ya ɗaga daddawa, ya sansana, ya ja da baya. Na ce masa miya ake yi da ita. Ya dube ni da tausayi ya mayar mini da abata.

Nafisa ta ɗauke ni zuwa unguwarsu, Levenshulme. Gidajen a manne suke da juna kamar ƙwayar masara a totuwa, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Ran farko matar da ke gidan gefe ta yi atishawa, na amsa mata daga falo kafin in tuna inda nake. Amma duk wannan kusanci, ba mai leƙa wani. In kun haɗu a ƙofa za ta gaya miki ana ruwa, alhali kina tsaye cikin ruwan, shi ke nan an gaisa.

Da na ga Yaya Sule sai da gabana ya faɗi. Mutumin da ke cika ƙofa ya koma rabinsa. Na shiga kicin na yi masa miyar kuka mara gishiri kamar yadda likita ya ce, ya ci yana tsokanata wai na manta girki. Aikinsa ya tafi tun kafin ciwon, a shekarun nan da gwamnatinsu ta tsuke bakin aljihu ta dinga rage ma'aikata. "Cuts ne, Binta," in ji shi. "Rana ɗaya suka ce department ɗinmu ya yi yawa." Na tambaye shi me yake yi da yininsa yanzu. Sai ya buɗe mini ƙaramin ɗakin sama.

Littattafai ne jibge, kuma duk a kan mutum ɗaya: wani shugaban Amurka na farkon ƙarni na ashirin, mai gashin baki da ɗan tabarau, haƙora a waje kamar zai ciji mai hoton. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, amma abin da na sani game da shi bai wuce layi biyu ba. Wasiƙunsa ne aka tattara aka buga, kundi bayan kundi. Yaya Sule ya ce waɗanda ke ɗakin somin-taɓi ne, manyan suna laburare.

Na bi shi laburaren don in ga abin da ya cinye mini ɗan'uwa. Ashe shi ma cuts sun taɓa shi, ba kullum ake buɗewa ba, kuma tsofaffin unguwa ne ke taimakawa kyauta. A cocin da ke gefe na ga layi, Turawa da baƙaƙe, wasu da keken jarirai. Na ɗauka rigakafi ake yi. Yaya Sule ya ce abinci ake rabawa, gwangwanin wake da taliya. Na tsaya ina kallo har ya ja mayafina ya ce ba a kallon mutane haka a nan. To mai ƙwai, ga amsarki.

A ciki muka zauna kusa da hitar ɗumama ɗaki, ya dinga buɗe mini shafuka yana fassarawa ƙasa-ƙasa. Gaskiya abin ya ja ni. Mutumin nan ya rubuta wa sarakunan Turai, ya rubuta wa 'yan majalisa, ya rubuta wa makiyayan shanun da ya zauna da su yana saurayi. 'Ya'yansa kuwa har zanen dabbobi yake yi musu a gefen takarda. Ko aski ake masa, wai bakinsa bai tsaya ba, ga mutane a tsaye suna saurare.

"To yaushe yake mulkin?" na tambaya.

"Da wasiƙar yake mulkin. Da safe ya lallashi sanata, da yamma ya rubuta wa ɗan jarida abin da zai tsorata sanatan. Kuma komai sai ya ajiye copy, don ya san wata rana za a karanta."

Ya nuna mini inda shugaban ya gayyaci wani malami baƙar fata cin abincin dare a fadarsa, Turawan kudancin ƙasar suka yi ca kamar an yi saɓo. A wasiƙun da ya aika wa abokansa ya nuna ko a jikinsa. Na ce madalla, sau nawa ya sake gayyatar malamin cin abincin? Yaya Sule ya gyara tabarau ya ce bai sake ba. Na ce ashe jarumin naka a takarda ya fi ƙarfi. Bai yi dariya ba.

Sai ya zo kan abin da ya fi karantawa, na gane haka don shafukan sun sha hannu. Shugaban yana da amini, ministansa ne. Da wa'adinsa ya ƙare shi ya ɗaga hannun aminin aka zaɓe shi, shi kuma ya tafi farauta gabashin Afirka. Da ya dawo sai ya ga mulkin ba yadda yake so ake yi ba. Wasiƙun da ke tsakaninsu suka fara gajarta, suka yi sanyi, suka tsaya. Ƙarshe ya fito takara ya kara da aminin, jam'iyya ta dare biyu, wani na uku ya lashe zaɓen.

Na dubi Yaya Sule. Nafisa ta riga ta ba ni labari a mota. Yaya Sule ya daɗe yana shugabancin ƙungiyar 'yan Arewa ta yankinsu, ya sauka ya miƙa wa Yaya Bulus. Bulus ya mayar da taron shekara Birmingham, ya canja wasu abubuwa. Yaya Sule ya dinga rubuta dogayen wasiƙu yana raba wa membobi, ya sake tsayawa takara, wani matashin injiniya ya kayar da su duka.

"Yaya, kai ka kwaikwayi Baturen nan, ko shi ya kwaikwaye ka?"

"Politics ne kawai. Bulus ne ya ɗauke shi personal. Da Mamansa ta rasu, ana tsakiyar rigimar, na ajiye komai na rubuta masa ta'aziyya. Kwanaki na yi ina gyara ta. Ko amsa bai ba ni ba."

"Da ka je fa, me ya ce?"

"Na ce miki na rubuta."

Na yi salati har wata tsohuwa mai jera littattafai ta waiwayo. Mama Ladi ce fa, uwar Bulus, matar da ta goya Yaya Sule lokacin da Innarmu ke kwance wajen haihuwata. Ya ce ban fahimci ƙasar ba. A nan, wasiƙar da aka rubuta da hannu ita ce ƙarshen girmamawa. Shugaban nan in ya rubuta wa iyali ta'aziyya, adana ta suke yi jikoki su gada. Yadda ya faɗa da gaske har sai da na yi shakka. Shekara talatin a Ingila ba wasa ba ce, wataƙila shi ma Bulus ya zama Bature, wataƙila zaɓen ne ke cinsa. Na ce bari in je in ji daga bakinsa.

Nafisa ta saya mini tikitin bas a wayarta, ta ce, "Goggo, please ki kira su first. Nan ba a zuwa haka kawai." Na ce tun yaushe nake neman izinin shiga gidan Yaya Bulus?

Bas ɗin cike yake amma tsit, kamar ana jarrabawa. Baturen da ke gefena ya buɗe burodinsa ya cinye tas bai ce mini bismillah ba. Don in kunyata shi na miƙa masa dabino. Ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ci, sai bakinsa ya buɗe. Kafin mu isa na san an rufe gidan matasan da yake aiki, na san matarsa ta tafi, na san sunan karensa, kuma gwajin ɗaukar aiki zai je. Na yi masa addu'a da Hausa, ya ce amin da nasa yaren. Na lura Turawan nan ba rowar magana gare su ba, jira suke wani ya fara.

Birmingham ta fi Manchester ruɗani, tituna a kan tituna. Wani direban tasi ɗan Somaliya ya kai ni har ƙofa yana ce mini Anti. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Ga yayyafi, ga sanyi yana shiga ƙashi. Na zauna a dakalin ƙofa na lulluɓa. Labulen gidan da ke kallonmu ya dinga motsi. Can wani dattijo ya fito da laima da kofin shayi, ya tambaye ni cikin ladabi ko suna sane da zuwana. Na ce a'a. Ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin al'ajabi, ya bar mini laimar. Maganar Nafisa ta dawo mini, amma ban gaya mata ba har yau.

Anti Rifkatu, matar Yaya Bulus, ita ta fara dawowa daga gidan tsofaffin da take aiki. Ta saki jaka a titi ta ƙwala ihu, "Binta! Ke ce ko fatalwa?" Muka rungume juna, labulen can ya sake motsi. Ciki duk kwalaye ne an ɗaure da igiya, an rubuta Zariya a jiki. Kujeru ma an riga an tura su jirgin ruwa. Ta tuƙa tuwon garin shinkafa, muka zauna a kafet.

Yaya Bulus ya shigo, kansa fari fat. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka mutu bai ji ba. Sai da muka wanke hannu ya ce, "Ya jikin nasa?" Ashe yana bin labarin wajen Nafisa. Na ce da sauƙi, sannan na kawo maganar zaɓe.

Ya yi dariya. "Wane zaɓe? Yaron da ya kayar da mu ma ya koma Kanada. Ni na manta da wannan." Sai ya dube ni. "Binta, da Hajara ta rasu, annual leave na ɗauka. A falonsa na kwana har aka yi bakwai, ni ke tsaye a ƙofa ina karɓar mutane. Da Mama ta rasu aka zauna a nan gidan. Mutane sun zo daga London, sun zo daga Glasgow, har limamin su Sule na Cheetham Hill, can Manchester, ya zo. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ɗaga kai. Ranar da na ji motsi na ce ga Sule nan, ashe postman ne."

"Ya ce kwanaki ya yi yana rubuta ta."

"Ta yi kyau. Ko bishop bai iya Turancin nan ba. Amma takarda ba ta zama kusa da mutum ta yi shiru tare da shi."

Na ce to don Allah ya bi ni Manchester, tunda shi ke da lafiya. Anti Rifkatu ta ce ta faɗa har ta gaji. Ya girgiza kai. "Ba fushi ba ne, ƙanwata. Ni aka yi wa mutuwa. A ina kika taɓa ganin mai makoki ya bi gida yana neman a yi masa gaisuwa? In na je, na ɗauke masa abin da shi kaɗai zai iya saukewa."

Gaskiya ya faɗa. Ingila ba ta canja shi ba ko kaɗan. Na kwana, washegari na komo raina a jagule, har na wuce tasharmu a Stockport Road sai da na dawo da ƙafa.

Na tarar da Yaya Sule a teburinsa. Na zayyana masa komai ban rage ba. Ya saurara, ya jawo takarda ya ce zai rubuta masa wata, wannan karon zai bayyana matsayinsa sosai. Raina ya ɓaci, na ji kamar in kwashe littattafan nan in watsa ta taga. Amma tsohuwar malama ce ni, na san ɗalibi mai taurin kai da littafinsa ake kama shi.

"Yaya, ba ka ƙarasa mini ba. Shugaban naka da amininsa, ya suka ƙare?"

Ya ce sun shirya. Bayan shekaru, da shugaban ya kwanta ciwo, 'yan gajerun saƙonni sun shiga tsakaninsu. Amma ba wanda ya ɗauka an shirya sai ranar da suka dace a wani otal. Shugaban yana zaune yana cin abinci, aminin ya ji yana nan, ya ratsa ɗakin ya je har teburinsa. Suka riƙe juna, mutanen da ke wurin suka tashi suna tafi.

"Duk kundin nan," na ce, "ashe da ƙafa aka gama maganar."

"Aminin ne ya tako," in ji shi da sauri.

"Naka ba zai tako ba, kuma ka san dalili. Babu otal ɗin da za ku dace, kujerunsa ma sun yi gaba. Bayan haɗuwar, shekara nawa shugaban ya ƙara?"

Ya ce, "Bai cika shekara ba."

Na fita na bar shi. Kashegari ranar wankinsa ce, ya dawo a galabaice ya kwanta. Na fidda rai, na fara tunanin yadda zan dubi Yaya Bulus a Zariya. Wayewar gari ina kicin sai na ji takunsa a matakala. Ya sa farin kaftani da hula, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai. Ya ce wa Nafisa ta ɗauko mota. Ta zaro waya za ta kira Birmingham.

"Ajiye," ya ce. "Ba a booking ɗin ta'aziyya."

Muka kama hanya. Na leƙa hannunsa, ba takarda ba littafi. Da muka isa Anti Rifkatu ce ta buɗe. Ta rufe baki da hannu ta matsa gefe. Yaya Sule ya tuɓe takalmi a kan jiƙaƙƙen dakali, ya yi sallama. Yaya Bulus yana durƙushe yana ɗaure kwali. Ya ɗago, bai tashi ba, sai ya gyara zama ya harɗe ƙafa. Yaya Sule ya dafa bango ya sauka ƙasa da ƙyar, Nafisa ta kai hannu ya ture. Ya zauna kafaɗarsa na taɓa ta Bulus.

"Bulus, ya haƙuri? Ashe Mama lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi, Sule. Mun gode Allah."

"Allah ya ba mu haƙurin rashinta."

"Amin."

Suka yi shiru mai tsawo. Sai Yaya Bulus ya fara ba shi labarin rasuwar tun daga farko, yadda ake ba wanda ya iso ranar da aka yi ta. Yadda ta dawo daga coci ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, yadda ta ƙi asibiti sai da aka yi da gaske, wanda ya kwana da ita, abin da ta iya ci. Yaya Sule yana cewa, "Ayya. Allah sarki." Ni da Anti Rifkatu muna tsaye a ƙofar kicin, hawaye na zuba, ba wadda ta ɓoye wa wata.

"Ana gobe za ta tafi aka haɗa ni da ita a waya," in ji Yaya Bulus. "Muryar ta yi ƙasa sosai. Ta ce, 'Ka gaida mini Sulena.' Na ce zan gaya maka in ka zo." Ya juyo ya dube shi. "To ga shi na isar. Mama tana gaishe ka."

Yaya Sule ya sunkuyar da kai. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ina amsawa," ya ce.